Wa ke yanka wa manajan darakta albashi, kuma ina amfanin ƙuri'ar ƙaramin mai hannun jari?

Ɗan Kantin Kwari:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san dokar kamfanoni, ko suka taɓa aiki a manyan kamfanoni, su warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai. A shekarar 2007, lokacin da kowa a kasuwarmu yake rububin sayen hannun jari, na sayi hannu 40,000 a wani kamfani da ke cikin kasuwar hannun jari ta Legas, kuma ban sayar ba har yau duk da faɗuwar da farashi ya yi a 2008. Shekara da shekaru ba na buɗe kundin rahoton da suke fitarwa, iyakata in ga saƙon banki cewa rabona na riba ya shigo. Bana ne babban ɗana, wanda ke karatun akanta, ya sauke rahoton a wayarsa, muka zauna bayan sallar isha'i muna bin sa shafi-shafi. Can wajen ƙarshe, cikin bayanan da aka rubuta da ƙananan haruffa, ya nuna mini layin da ke ɗauke da abin da darakta mafi yawan albashi ya karɓa. Adadin ya haura na bara nesa ba kusa ba, alhali ribar da aka raba mana tana nan inda take, kuma abin da ya shigo hannuna ba zai kai ni Legas ya dawo da ni ba.

Da muka duba takardar kiran babban taron shekara sai muka ga abubuwa biyu da suka shafi biyan kuɗi. Na farko a tsayar da ladan daraktoci, kuma wannan za a kaɗa ƙuri'a a kansa. Na biyu a bayyana abin da ake biyan manajoji, kuma yaron ya ce wannan sauraro kawai za mu yi.

Ni ɗan kasuwa ne, ina da yara uku a shago, kuma babu ranar da ɗayansu zai buɗe akwatin ciniki ya ƙara wa kansa abin da nake ba shi, sannan ya zo ya sanar da ni bayan ya gama. Idan har gaskiya ne cewa mu masu hannun jari mu ne masu kamfani, wa ya yanka wa manajan darakta wannan albashi, kuma da izinin wa? Ƙuri'ar mutum irina tana da wani tasiri, ko ɓata lokaci ne in cike takardar wakilci, wadda ake naɗa wani ya kaɗa ƙuri'a a madadina, in aika?

Lauya daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ɗanka ya lura da shi daidai ne, domin haka doka ta tsara. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta raba wannan biya gida biyu. Ladan daraktoci, wato abin da ake ba su saboda zamansu a hukumar gudanarwa, babban taron masu hannun jari ne ke tsayar da shi, shi ya sa ake neman ƙuri'arka a kansa. Albashin manajan darakta kuwa, da alawus-alawus ɗinsa da garaɓasar da ake ba shi a ƙarshen shekara, hukumar daraktoci ce ke yankewa. Sashe na 257 ya wajabta a bayyana wa masu hannun jari abin da ake biyan manajoji a taron shekara, kuma wannan ci gaba ne a kan tsohuwar dokar 1990, sai dai a gaya maka daban, a nemi izininka daban.

A ƙa'ida manajan darakta ba shi ke yanka wa kansa ba. Kundin ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018, wanda FRC, hukumar da ke kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi a Najeriya, ta fitar, ya ce a kafa kwamitin albashi daga cikin daraktocin da ba ma'aikatan kamfanin ba ne, kada manajan darakta ya sa baki wajen tsayar da abin da za a biya shi, kuma kamfani ya tanadi hanyar ƙwato garaɓasar da aka biya bisa lissafin da daga baya aka gano ba daidai ba ne. Dokar CAMA kanta ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban hukumar gudanarwa da ta babban jami'in zartarwa a kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa, ta kuma hana mutum zama darakta a irin waɗannan kamfanoni fiye da biyar. A takarda dai babu laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ya kawo waɗannan daraktoci. A taron shekara ake zaɓensu, kuma da zarar an nemi a ƙirga ƙuri'a bisa yawan hannun jari, kowane hannu ƙuri'a ɗaya ne. Manyan kamfanoninmu da yawa suna da mai rinjaye guda ɗaya, ko dai attajirin da ya kafa su ko uwar kamfani a ƙasar waje. Kamfanin simintin Dangote, alal misali, sama da kashi 80 cikin ɗari na hannun jarinsa yana hannun Dangote Industries. Wannan ba laifi ba ne, kuma sau da yawa mai rinjayen ya fi kowa sa ido a kan manajoji tun da shi ya fi kowa asara idan abu ya lalace. Amma a irin wannan kamfani hannu 40,000 ba zai tsige darakta ba, ba zai kuma naɗa shi ba, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba.

Akwai ƙofa ɗaya da doka ta bar muku a buɗe, kuma mutanenmu na Arewa ba su cika bi ta cikinta ba. Sashe na 404 ya ce kwamitin binciken kuɗi na kamfani ya ƙunshi mutum biyar, uku daga cikin masu hannun jari, biyu daga cikin daraktocin da ba ma'aikata ba. Kowane mai hannun jari yana iya gabatar da sunan wani ta hanyar rubuta wa sakataren kamfani aƙalla kwana 21 kafin taro, kuma a wannan zaɓen doka ta hana neman ƙirge bisa yawan hannun jari, don haka kai da mai hannu miliyan dubu ƙuri'arku ɗaya. Kwamitin ba ya yanka albashi, amma yana zama da masu binciken kuɗi na waje, yana ganin wasiƙar da suke rubuta wa manajoji game da kurakuran da suka gano, yana kuma da ikon sa mai binciken cikin gida ya bi diddigin duk abin da ya ga bai kwanta masa ba. Sharaɗin shi ne wanda za a tura ya iya karanta lissafin kuɗi.

Tsohon ma'aikacin banki, Zariya:

Barista ya faɗi doka yadda take, Allah Ya saka masa da alheri. Ni zan faɗi abin da idona ya gani cikin shekara 28 da na yi a banki, wanda ba zan ambaci sunansa ba.

Alhaji, wannan layin da ɗanka ya nuna maka ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Manajan da ya san aikinsa ya cancanci albashi mai tsoka, araha ba ta ado, kuma idan ba ka biya shi ba wani zai ɗauke shi. Abin dubawa shi ne a kan me ake biyansa, domin duk abin da ka ɗaura wa lada, shi mutum zai bi ido rufe. Bayan Farfesa Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, kuɗi ya yi yawa a hannu, aka shiga tseren wa zai fi wani girma. Girman banki da tashin farashin hannun jarinsa suka zama ma'aunin gwanintar shugabanni. Ina tuna wani ɗan kasuwar hatsi da ya zo reshenmu, mutumin kirki wanda bai taɓa cin bashin banki ba, muka zaunar da shi muka ba shi lemo, muka nuna masa yadda zai karɓi rance ya sayi hannun jari, hannun jarin kuma shi ne jinginar. Ni na cike masa takardun da hannuna, domin an ba kowane reshe adadin da zai cika kafin ƙarshen wata, kuma wanda bai cika ba ya san abin da ke jiransa. Da kasuwa ta rushe a 2008 jinginar ta zama takarda, bashin kuma yana nan da kuɗin ruwansa. Har yau idan na tuna fuskarsa ranar da ya zo neman a ɗaga masa ƙafa, raina yana ɓaci.

Ranar 14 ga Agustan 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A watan Oktoban 2010 kotu ta yanke wa Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar bankin Oceanic, ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta a kan kimanin naira biliyan 190. Wannan dukiya ba daga albashi ta taru ba. A watan Agustan 2011 kuma aka karɓe lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka kafa Mainstreet da Enterprise da Keystone a madadinsu, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Duk waɗannan bankuna suna da hukumar daraktoci, suna da kwamitin binciken kuɗi, suna yin taron shekara, kuma babu ko ɗaya da masu hannun jari suka taka wa birki. Sai da Babban Banki ya shigo, ya kuma ƙayyade wa shugaban banki shekara 10 a kan kujera a 2010.

Shi ya sa, Barista, ban kai ka kyautata zato ga kwamitin binciken kuɗi ba. Na halarci tarukan shekara da yawa. Za ka ga fuskoki iri ɗaya daga taro zuwa taro, su ke fara karɓar makirufo, su yabi shugaba su yabi manajan darakta, su gabatar da ƙuduri su kuma mara wa juna baya, a ƙofa a raba lema da kular abinci. Akwai masu gaskiya a cikin ƙungiyoyin masu hannun jari, na san wasu da suka sha tsangwama saboda tambaya ɗaya, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shawarata ga Alhaji ita ce ya sa yaron ya buɗe shafin da ke bayanin hulɗar kamfani da daraktocinsa da kamfanoninsu: wa aka ba kwangila, wa aka ba rance, gidan wa ake haya. Can ne ruwa ya fi tsiyaya.

Hajiya mai aikin akanta, Birmingham:

Baba na Zariya, abin da ka faɗa game da a kan me ake biya shi ne ƙashin bayan maganar, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da gane shi a babin ƙiradi, inda mai dukiya da mai juya ta suke yanka kason riba tun farko, idan aka faɗi mai dukiya ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Abin da ke ɓata tsarin manyan kamfanoni shi ne manaja ya ci kaso idan an samu, ya kuma ci idan an faɗi.

Zan ƙara da yadda ake yi a nan Ingila, domin ƙuri'ar da Alhaji yake nema akwai ta a nan. Tun 2002 aka wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su kawo rahoton albashin daraktoci gaban taron shekara a kaɗa ƙuri'a, kodayake ta shawara ce. A 2013 aka ƙara da cewa manufar biyan albashin kanta sai masu hannun jari sun amince da ita aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku, kuma wannan ƙuri'a tana ɗaure kamfani. A watan Afrilun 2016 kimanin kashi 59 cikin ɗari na ƙuri'un masu hannun jarin kamfanin mai na BP suka ƙi amincewa da kusan dala miliyan 20 da aka biya shugabansa Bob Dudley, a shekarar da kamfanin ya yi asarar dala biliyan 6.5 yana kuma sallamar dubban ma'aikata. Kuɗin ya riga ya shiga aljihunsa, ba a ƙwace ba, amma shekarar da ta biyo aka rage abin da ya karɓa da kusan kashi 40 cikin ɗari, aka kuma sake tsarin. Waɗanda suka yi wannan aiki manyan asusun fansho ne da kamfanonin da ke juya kuɗin jama'a, ba masu hannu ɗari ko dubu ba. A Najeriya ma, tun bayan dokar fansho ta 2004, kamfanonin fansho suna riƙe da hannun jari mai yawa da kuɗin ma'aikata, kuma ni a ganina su ya kamata a riƙa tambaya yadda suka kaɗa ƙuri'a da dalilinsu.

Sai dai bayyana albashi yana da nasa illar da ba a cika faɗa ba. Idan kowane kwamiti ya ga abin da takwarorinsa ke biya, babu mai son a ce shugabansa yana ƙasa da tsaka-tsaki, sai kowa ya ɗan ɗara, tsakiyar kanta ta yi ta hawa shekara bayan shekara.

Shari'ar kamfanin motoci na Tesla a Amurka ta fi kowace kusa da tambayar Alhaji. A 2018 aka tsara wa shugabansa Elon Musk lada na hannun jari mai matakai 12, ba tare da albashi ba, wanda zai samu gaba ɗaya ne kawai idan darajar kamfanin ta yi ta hawa har zuwa dala biliyan 650, aka kuma cika wasu sharuɗɗa na ciniki da riba. Masu hannun jari suka amince, kuma ya cika sharuɗɗan. Wani mai suna Richard Tornetta, mai hannu tara kacal, ya kai ƙara a jihar Delaware, kuma a watan Janairun 2024 mai shari'a Kathaleen McCormick ta soke ladan, wanda darajarsa ta kai kusan dala biliyan 56. Hujjarta ita ce waɗanda suka zauna yin ciniki da Musk a madadin kamfani makusantansa ne, babban lauyan kamfanin ma shi ne ya taɓa tsaya masa a shari'ar rabuwar aurensa, kuma ba a gaya wa masu ƙuri'a wannan ba. A watan Yunin 2024 masu hannun jari suka sake amincewa da kusan kashi 72 cikin ɗari, duk da cewa asusun man fetur na ƙasar Norway, ɗaya daga cikin masu hannun jarin, ya ƙi, suka kuma mayar da rajistar kamfanin Texas. A watan Disamban 2025 kotun ƙolin Delaware ta mayar masa da ladan, bisa cewa soke shi gaba ɗaya ya wuce kima tun da ya yi aikin shekara shida. Ni har yanzu ina ganin tambayar da mai hannu tara ya yi tana kan hanya, wato wa ya zauna a ɗaya gefen tabarmar ciniki, ko da masu rinjaye sun gamsu da farashin.

Ɗan Kantin Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Mun buɗe shafin da Baba na Zariya ya ce, kuma mun ga abubuwan da muke son a yi mana bayaninsu. A layinmu kaɗai na san mutum fiye da goma da ke da hannun jari a wannan kamfani tun wancan lokaci, wasu ma ba su taɓa karɓar ribarsu ba saboda ba su cike takardar biya ta banki ba. Barista, idan muka haɗu, me za mu iya yi ba tare da mun je Legas ba? Kuma irin ƙarar da mai hannu tara ya kai, tana yiwuwa a nan?

Lauya daga Kaduna:

Baba na Zariya ya fi ni ganin cikin ɗaki, kuma ban musa masa ba. Abin da zan ce kawai shi ne waɗancan fuskoki suna cin zaɓen kwamiti ne saboda su ke zuwa.

Alhaji, zuwa Legas ya daina zama dole a yawancin lokuta, domin dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta ba kamfanonin jama'a damar yin babban taro ta intanet, kuma da yawa suna yin haka. Ku fara da zuwa wurin rajistaran kamfanin, wato masu riƙe da rajistar masu hannun jarinsa, ko ta hannun dillalin hannun jarinku, kowa ya gyara sunansa da lambar wayarsa da asusun bankinsa, domin wanda bayanansa ba su daidaita ba ko sanarwar taro ba za ta same shi ba, balle ribarsa da ta maƙale. Ƙa'idar kasuwar hannun jari ta ba ku damar aika tambaya a rubuce kafin ranar taro, kuma za ku ga wa'adin a ƙasan takardar kira. Ku rubuta tambayoyi biyu ko uku, gajeru, kowa ya sa hannu: wane ma'auni aka bi wajen ƙara wa manajan darakta abin da ya karɓa, nawa ne daga ciki albashi tsayayye nawa ne ya dogara da riba, su wane ne a kwamitin albashi kuma shekara nawa kowannensu ya yi a hukumar, sannan an taɓa ƙwato garaɓasa daga wani ko ba a taɓa ba. Idan kuna da wanda ya iya lissafi kuma yana da hannun jari da sunansa, ku aika sunansa ga sakataren kamfani kafin kwana 21 ɗin su cika, ku kuma tabbata kun shiga taron da kanku ranar zaɓe.

Game da ƙara, doka ta yarda mai hannun jari ya shigar da ƙara da sunan kamfani a Babbar Kotun Tarayya, amma sai ya fara neman izinin kotu, ya nuna ya sanar da daraktoci sun ƙi ɗaukar mataki, kuma da kyakkyawar niyya ya zo. Yawan albashi shi kaɗai da wuya ya isa hujja, sai an nuna an saɓa doka ko an ci amanar kamfani, kuma shari'ar tana iya ɗaukar shekaru da kuɗi mai yawa. Kafin a kai nan akwai SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, wadda ke karɓar ƙorafin masu zuba jari bayan an fara kai shi ga kamfanin ba a sami amsa ba, don haka ku ajiye kwafin wasiƙarku mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata.